Wata huɗu jikina ba daɗi, Litinin zan je ganin likita karon farko, me zan tanada?

Tela Jekadafari: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema kuma a yi haƙuri zan ɗan ja magana. Shekarata 41, ɗinki nake yi, tunda nake ban taɓa zuwa asibiti don a duba ni ba sai dai in kai iyali awo ko in je dubiya. To yau wata huɗu ke nan jikina ba ya mun daɗi kuma na kasa cewa ga takamaiman abin da ke damuna. Kasala ce kamar an ɗora mun dutse, in na zauna kan keke awa ɗaya sai in ji kamar na wuni a gona, in na miƙe jiri, kai yana sara ta ƙeya, da dare in tashi fitsari sau uku har huɗu ga ƙishi kamar ban sha ruwa ba. Abin da ya fi tsorata ni shekaranjiya na ɗauki tef na auna ƙuguna, shekara da shekaru inci 36 nake yanka wandona sai na ga 33. Kuma zaren da nake zurawa a allura ko ban duba ba yanzu sai na kira yaron shago. Sau uku ina zuwa kemis ana cewa taifod da maleriya, in sha magani in ji dama-dama sati ɗaya abu ya dawo. Maiɗakina ta matsa, na yanke Litinin zan je babban asibiti. Amma wlh ban san ta ina ake farawa ba, in ci abinci ko kar in ci, me zan ce wa likita tunda ba wuri ɗaya ke ciwo ba, kuma kar a rubuta mun gwaji da yawa kuɗi su gaza.

Maman Tagwaye: Wa alaikumus salam. Sannu Hamma, Allah ya ba ka lafiya ya sa kaffara ne. Allah ya saka wa matarka da ta matsa.

Ɗan Kumo: Malam ni shawarata kar ka ɓata lokaci a layi. Ka je lab mai zaman kansa ka ce a maka gwajin komai da komai, jini, fitsari, sikanin, ka ɗauki sakamako ka kai wa likita kawai ya karanta. Haka na yi bara kwana ɗaya na gama.

Mai Aikin Lab: Ɗan Kumo ka yi haƙuri zan saɓa maka, kuma ni aikina ke nan kullum, da riba nake nema da na goyi bayanka. Babu wani abu wai shi gwajin komai da komai. Gwaje-gwajen jini sun fi ɗari, kowanne da tambayar da yake amsawa, in ba ka san tambayar ba me za ka gwada? Mutane su zo su zube kuɗi a yi musu guda goma sha, su kai wa likita ya duba ya ce ai wanda nake so ba ya ciki, a sake sabon lale. Likita ya fara jin bayaninka ya taɓa jikinka, shi zai zaɓi uku ko huɗu da suka dace. Ga mai lissafin aljihu kamar Tela wannan ne ya fi araha.

Sannan maganar taifod sau uku a wata huɗu, ina da ja. Gwajin Widal da ake yi a ko'ina ba ya isa shi kaɗai a ce mutum na da taifod, a ƙasa irin tamu mutum lafiyarsa ƙalau ma yana iya nunawa saboda ya taɓa yi a baya ko wani zazzaɓi daban. Wanda ya fi inganci shi ne a shuka jini a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Tela, a kemis ɗin ma an ɗibi jininka kuwa?

Tela Jekadafari: Sau ɗaya aka ɗiba, sauran biyun bayani kawai na yi aka haɗa mun magani.

Ɗan Kumo: To ai ni ban ce kar ya ga likita ba, layin ne abin dubawa, mutum mai shago ya rufe wuni guda.

Nas Mai Ritaya: Ɗana Tela, shekara 32 na yi ina aikin jinya kafin in ajiye, bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Abin da ya fi ba likita wahala ba cutar ba ce, mara lafiyar da zai shigo a tambaye shi me ke damunka ya ce jikina ne kawai, tun yaushe ya ce ya ɗan jima. Ga mutum hamsin a waje suna jira, minti nawa za a ba ka? To yau da dare ka sami takarda da biro, kai da matarka, don ita ta ga abin da kai ba ka gani ba, ko kana minshari, ko zufa na jiƙa matashi, ko cin abincinka ya ragu ko ƙaruwa ya yi. Ka rubuta wanne ya fara zuwa, wanne ya biyo, in ba ka tuna wata ba ka ɗaura shi da wani abu, kafin babbar sallah ko bayanta, farkon damina ko da aka fara girbi. Wannan 36 da ta koma 33 ka rubuta ta a sama, wlh ta fi dogon bayani amfani, kai ka ma yi sa'a sana'arka ta ba ka ma'auni. Fitsarin dare ka ƙirga daga yau zuwa Litinin, sau nawa kowane dare.

Na biyu kuma shi ne inda mutanenmu ke faɗuwa, ka sami leda ka zuba DUK abin da ka sha a wata huɗun nan, kwali ko fanko ne, na kemis, na gargajiya, jiƙo, garin da ake sa wa a kunu, har na ƙarin kuzari irin na maza da ake sayarwa a bakin tasha in ka sha. Kar ka ji kunya, likita ba surukinka ba ne kuma ba alƙali ba ne, abin da ka faɗa a ɗakin nan amana ne a wuyansa.

Amma akwai abin da ban so ba, jiran Litinin. Ƙishi, yawan fitsari, rama, ido na hazo, waɗannan huɗun in suka haɗu dole a fara auna suga. Ban ce shi ne ba, ni ba a waya nake gano cuta ba, amma tsira yatsa ne kawai minti biyu. Gobe Juma'a da safe ka leƙa asibitin unguwarku a auna suga da hawan jini, ka riƙe lambar a takarda ka tafi da ita Litinin.

Tela Jekadafari: Na gode Goggo, Allah ya ƙara girma. Gaskiya tunda kin ce a faɗi komai, lokacin aikin sallah ina kwana a shago, bayana na ciwo, akwai wani haɗi da yaro ke karɓo mun ƙwaya biyar a ƙulle a leda ba suna, ina sha kusan kullum da lemon kwalba mai sa kuzari. Har yanzu nakan sha in baya ya matsa.

Ɗalibin Likitanci GSU (Jami'ar Jihar Gombe): Yaya Tela wannan da ka faɗa yanzu yana iya zama rabin labarin. Irin wannan haɗin sau da yawa akwai magungunan kashe ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen a ciki, in aka daɗe ana sha suna cin ciki har ya riƙa zubar da jini a ɓoye mutum ya yi ƙarancin jini, ga jiri ga kasala, kuma suna taɓa ƙoda. Wasu kuma suna sa dexamethasone ko prednisolone don mutum ya ji garau da wuri, su kuma suna ɗaga suga suna ɗaga hawan jini. Ka tafi da ƙulli ɗaya yadda yake a nuna wa mai haɗa magani na asibiti. Kar ka ƙara karɓo sabo, kuma ka faɗa wa ma'aikacin da za ka gani gobe cewa kusan kullum kake sha, domin in akwai irin na biyun a ciki wanda ya daɗe a kai ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Ni ɗalibi ne har yanzu, manya na nan su gyara mun.

Nas Mai Ritaya: Ba gyara ɗana, daidai ne.

Baffa Bolari: Ni dai zan faɗi nawa ko ba za a so ba. Ciwon da aka sha magani sau uku bai tafi ba, mutum yana ramewa ba dalili, kuma mai sana'a da kasuwa ta buɗe masa, a duba ta wajen malamai. Ba komai ne na asibiti ba, mun ga irinsu.

Malama Tudun Wada: Baffa da girmanka, ba wanda ya hana addu'a, ya yi azkar ɗinsa ya sha zamzam ya yi sadaka duk alheri ne. Amma hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, neman maganin ai bin umarni ne. Abin da ke ƙona mun rai, yayana haka aka yi ta cewa sammu ne sammu ne, wata bakwai ana yawo da shi ƙauye-ƙauye ana banka masa jiƙo, ranar da aka kai shi asibiti a sume aka ce suga ne, ƙafarsa ta riga ta lalace. Yana nan da rai alhamdulillah amma da sanda yake tafiya, shekararsa 45. Har yau in na tuna an ce da an zo da wuri ƙwaya ce kawai da gyaran abinci sai hawaye ya zo mun. Dan Allah a bar bawan Allah ya je a auna.

Baffa Bolari: Allah ya ba shi lafiya 'yata. Ban ce kar ya je ba, na ce ya haɗa biyu.

Mai Aikin Lab: Addu'a da asibiti suna haɗuwa Baffa. Jiƙon da ba a san me ke ciki ba ne ba ya haɗuwa da gwajin hanta da ƙoda, ya dakata da shi tukuna.

Maman Tagwaye: Maganar abinci fa ba a amsa mishi ba. Ni an ce mun ba a cin komai in za a je asibiti.

Mai Aikin Lab: Ba kowane gwaji ba. Wanda ke son ciki wayam shi ne sugan safe, awa 8 aƙalla ba abinci ba shayi ba lemo, amma ruwa zalla a sha ba laifi, yana ma sa jijiya ta fito a sami jini da sauƙi. In ya kai 7.0 ko sama, a wani injin 126 ke nan don ma'aunin iri biyu ne, to ana zargin ciwon suga sai a maimaita a tabbatar. Wanda aka auna kowane lokaci ko an ci abinci kuwa 11.1 ne iyaka, wato 200. Akwai kuma HbA1c da ke nuna yadda sugan yake a wajen wata uku da suka wuce, shi ba ruwansa da ka ci ko ba ka ci ba, 6.5 ne iyakarsa, sai dai ya fi tsada. Ni shawarata ya ci tuwon dare da wuri ya fito ba karyawa, ya riƙo abin karinsa a jaka, in likita ya rubuta a ɗiba a ranar shi ke nan ya huta da dawowa.

Nas Mai Ritaya: A nan kam ban bi ka ba ɗana. Mutum mai jiri, ranar Litinin da asibiti ke cika, ya buɗe fayil ya bi layin awo ya jira likita, yana iya kai ƙarfe 12 bai shiga ba, ya yanke jiki ya faɗi a baranda fa? Na sha ɗaga irinsu. Ranar farko ya karya da abu mara nauyi, ya faɗa wa likita ƙarfe nawa ya ci, in ana son na safe ya dawo washegari kai tsaye lab ba layi mai tsawo.

Mai Aikin Lab: Kin fi ni ganin baranda Goggo, na sallama. Kuɗin Keke Napep ɗin dawowa nake tausaya masa.

Nas Mai Ritaya: Abin da zai bari da safen shi ne goro, kofi, sigari da lemon kuzarin nan, aƙalla rabin awa kafin awon hawan jini don suna ɗaga shi. Ya sa riga mai faɗin hannu da za a naɗe har dantse, kai ne ma tela ka san wacce. In ka iso kar a auna kana haki, zauna minti 5, ka yi fitsari tukuna, kar ka harɗe ƙafa kar ka yi magana ana aunawa. In an ga 140 bisa 90 ko sama ba a yanke hukunci da awo ɗaya, wasu ganin farar riga kaɗai ke ɗaga musu, za a ce ka dawo wata rana. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su ma san suna da shi ba, don ba ya ciwo sai ya yi ɓarna.

Ɗan Kasuwar Hatsi: Ni abin da zan ƙara na hanya ne. Ko asibitin Specialist na nan Gombe za ka je ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da har yau muke cewa FMC, ka tambayi GOPD, nan ake fara ganin wanda ba a turo shi daga wani wuri ba. Ka fita bayan asuba kaɗan, wajen masu kati za ka fara a buɗe maka fayil, ka biya ka riƙe rasit, kowane rasit ka adana kar ka yar. Ka riƙe tsabar kuɗi ko da kana da kati don netwok na iya tsayawa. Katin asibitin da za a ba ka ka ɗauki hoton lambarsa a waya. In kana da rajistar inshorar lafiya ta GoHealth ko NHIA ta wajen aikin matarka to ka fara zuwa asibitin da aka rubuta muku, su za su tura ka gaba, in ka tsallake da aljihunka za ka biya. Kuma in an rubuta gwaji biyar kuɗinka na uku ne, ka koma ka ce likita wanne ya fi gaggawa, ba abin kunya ba ne, ni na yi kuma ya zaɓa mun.

Adda Dukku: Dan Allah in ɗan shiga da tawa, ni ma ina son zuwa amma ina jin nauyin namiji ya duba ni, kuma in mutum na al'ada ana gwajin fitsari?

Nas Mai Ritaya: 'Yata kina da haƙƙin ki nemi likita mace, in babu a ranar ki ce nas mace ta tsaya a ɗakin, ba mai hana ki. Gwajin fitsari kuwa ki faɗa musu kina al'ada don jini zai iya shiga ya rikita sakamako, yawanci sai a ce ki bari ki yi wanka. Ki riƙe ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, za a tambaya, musamman kafin a ɗauki hoton ƙirji ko a rubuta magani.

Ɗalibin Likitanci GSU: Yaya Tela ka kira Dada ko wani babba a gida ka tambayi ciwon da ke dangi, suga, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon hanta, sikila. In kana tari da ya wuce sati biyu ko zufan dare ka faɗa, gwajin kaki na tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ka roƙa a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, yana da yawa a ƙasar nan kuma yana zama shekaru shiru, in babu akwai rigakafi allura uku. Sannan kafin Litinin in ka ji ƙirji ya riƙe, ko numfashi na gagara, ko baki ya karkace hannu ya saki, ko amai ba tsayawa, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ko barci na fizgarka ba ka gane mutane, ba maganar GOPD kuma, emajansi kai tsaye ko ƙarfe biyun dare ne. Ka karanta wa maiɗakinka wannan ita ma ta sani.

Tela Jekadafari: Na kira Dada yanzu. Ashe Baffanmu da ya rasu ina yaro hawan jini ne ya kayar da shi ɓarinsa ya shanye, mu dai an ce mana iska ce. Kuma ƙanwarsa an yanke mata yatsan ƙafa saboda suga. Wlh shekara 41 ban sani ba sai yau. Jikina ya yi sanyi, gaskiya tsoron abin da za a faɗa mun ne ya hana ni zuwa tun farko ba kuɗi kaɗai ba, yarana biyar babbar tana aji uku na sakandare.

Malama Tudun Wada: Saboda su ɗin ne za ka je Hamma. Kar ka tafi kai kaɗai, kunne biyu ya fi ɗaya, mutum in hankalinsa ya tashi rabin abin da likita ya faɗa ba ya shiga. Kuma kafin ka tashi daga kujera ka tambaya, me kuke zargi, wannan gwajin na mene ne, yaushe zan dawo, wane abu zan gani in dawo kafin ranar. In da Turanci ya yi ka ce ya maimaita da Hausa ko Fulatanci.

Baffa Bolari: Allah ya sa a ji alheri ɗana, muna maka addu'a.

Tela Jekadafari: Salam jama'a, na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Juma'a na je na unguwa kamar yadda Goggo ta ce, bayan na karya ne, suga 10.2 jini 150 bisa 96. Yau Litinin muka je da maiɗakina, ƙarfe 7 saura muna can, na shiga wajen 11. Da na miƙa takardar da ledar magani likitan ya karanta har ƙasa, ya tsaya a kan 36 da 33 ya sa aka ɗora ni a sikeli, ya zazzage ledar a tebur ya ware ƙullin haɗin gefe ya kira wata daga ɗakin magani ta duba, ta ce ƙaramar farar tana kama da irin mai ɗaga sugan nan da ɗalibinmu ya faɗa amma ba za ta rantse ba tunda ba kwali. Ya duba idona da tafin hannu ya danna ciki ya sa na cire takalmi ya duba ƙafa har tsakanin yatsu, abin da ban zata ba. Jini yau 146 bisa 92. Bai ce mun ga cutar ba tukuna, ya ce yana zargin suga da hawan jini kuma haɗin na iya sa hannu a ciki, amma sai gwaji ya fito. Ya rubuta sugan safe, yawan jini, ƙoda, fitsari, da na hanta da na roƙa. Ya tsara mun yadda zan rabu da haɗin ya canza mun maganin baya, lemon kwalba kuma ya ce in bari gaba ɗaya. Zan koma wajensa Litinin mai zuwa. An ba ni 'yar kwalba ta fitsari in kawo gobe, to Mai Lab yaya ake yi, tun dare zan tara ko yaya?

Mai Aikin Lab: A'a kar ka tara tun dare. Na farkon safiya, ka wanke hannu da gaba da ruwa, ka bar na farkon ya zuba ƙasa sai ka tari na tsakiya, rabin kwalba ya isa, kar yatsa ya taɓa cikin murfin. Ka rufe da kyau ka kawo cikin awa ɗaya zuwa biyu, kar ya zauna a rana. Daga ƙarfe 10 na daren yau ba abinci sai ruwa, ka riƙo abin karinka kana fitowa daga ɗiban jini ka ci. In jirin ya taso a hanya ka faɗa wa na bakin ƙofa a fara da kai.

Tela Jekadafari: To an gama in sha Allah, na ce wa yaron shago ya buɗe da safe, zan iso wajen 10.